Tun Ran Gini Ran Zane: Sharhi a kan Ɗakin Wasan Kwaikwayo na Samaru da Matsalar Gyaran Ginin Ƙasa a Jami'a

1. Gabatarwa

Tun daga shekarar 2010, lokacin da aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, aka kuma ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, maganar gini tana cikin abubuwan da suka fi damun shugabannin jami'a a Nijar. Ana bukatar azuzuwa, ana bukatar amfi da ɗakin karatu da wurin kwanan ɗalibai, kuɗin kuwa kullum ba su kai ba. Abin lura shi ne, duk yawan muhawarar da ake yi a kan adadin ɗakuna da tsadarsu, da wuya a ji an tambayi abin da za a yi ginin da shi. An ɗauka amsar a fili take: bulon siminti da ƙarfe, a ɗora tol a sama. Ƙasa kuwa, wadda takardun ma'aikatu ke kira banko, an bar wa talaka da ƙauye.

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan wani gini da ya saɓa wa wannan zato, wato ɗakin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wanda aka gina da ƙasa aka kammala a 1976. Mun zaɓe shi saboda dalili biyu. Na farko, a ƙasar Hausa yake, hannun maginan gargajiya ne ya tayar da shi, a tsakiyar harabar jami'a ta zamani. Na biyu, shekarunsa sun kai a auna shi ba tare da ɗokin sabon abu ba. Ra'ayin da za mu kare shi ne, ginin ya ci nasara ta fuskar tsari, amma nasarar tsari ba ta isa ba, domin ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da gyara, gyara kuwa yana hannun wanda ya mallaki gini. A ƙarshe za mu gwada wannan darasi a kan Damargu, wato gundumomin Tanut da Belbeji, inda sharuɗɗan gini suka sha bamban da na Zazzau.

2. Tarihin ginin

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962 a filin tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru. Ta gaji gine-ginen kwalejin, ta kuma gaji sashenta na koyar da zanen gini, wanda shi ne mafi tsufa a Nijeriya. Gine-ginen harabar na kankare ne, irin fasalin da Turawa masu zanen gini suka yaɗa a ƙasashe masu zafi bayan yaƙin duniya na biyu.

A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin sashen Ingilishi, Michael Etherton yana jagoranta. Kafin ya zo Zariya ya koyar a Jami'ar Zambiya, inda shi da ɗalibansa suka kafa Chikwakwa, wani filin wasa marar rufi kusa da Lusaka. Ya zo ke nan da ra'ayin cewa dandamalin Turai, mai labule da ƴan kallo a jere cikin duhu, bai dace da wasan Afirka ba. Wanda ya zana ginin shi ne Steven Ehrlich, wani Ba'amurke da aka haifa a 1946, wanda ya yi aiki a Marakesh ta Maroko daga 1969, ya ratsa Sahara, sannan ya koyar a sashen zanen gini na Samaru daga 1974 zuwa 1977. A wannan lokaci littafin Hassan Fathy na Masar a kan ginin ƙauyen Gurna, wanda ya fito da Faransanci a 1970, yana yawo a hannun matasan masu zanen gini, yana kiran su da su koma ga tubalin ƙasa da gwanintar magina.

Ba za a gane nauyin wannan zaɓi ba sai an tuna da zamanin. A 1974 da 1975 hukumomin Nijeriya, da kuɗin man fetur a hannu, suka yi odar siminti tan miliyan 20, har jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas suna jiran a sauke musu kaya. A 1976 ɗin da aka kammala ɗakin Samaru aka kammala babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Iganmu, Legas, domin bikin FESTAC na 1977. Wani kamfanin Bulgeriya ne ya gina shi bisa fasalin zauren wasanni na birnin Varna, babban zaurensa a lokacin yana ɗaukar mutum 5,000. Gidajen wasa biyu ke nan a ƙasa ɗaya a shekara ɗaya, ɗaya an ɗauko fasalinsa daga gabashin Turai, ɗaya daga gidajen da ke bayan shingen jami'a.

Fasalin ɗakin Samaru ba shi da wuyar bayani. Fili ne a tsakiya, kewaye da shi akwai zagayayyun ɗakuna masu jinka da ke fuskantar filin, katangar ƙasa mai zane ta haɗa su ta rufe wurin kamar yadda ake rufe gida. Ana iya yin wasa a tsakiya ƴan kallo su kewaye. Ana iya tura wasan gefe ɗaya su fuskance shi. Ana kuma iya raba shi wuri-wuri, ƴan kallo suna juyawa suna bin sa.

3. Abin da ginin ya cimma

Babbar nasarar ginin ita ce ya ari tsarin gida, wato yadda ɗaki da ɗaki da fili ke zama da juna. Wannan ya bambanta shi da gine-ginen hukuma da dama a Kano da Damagaram da Yamai, waɗanda ake ginawa da bulo bisa fasalin Turai, sannan a dasa musu zankwayen siminti a kusurwa, a manna dagi a goshin ƙofa, a ce an girmama al'ada. A irin waɗannan gine-gine al'ada hula ce kawai, ana iya cire ta ba abin da ya canza. A Samaru kuwa, in aka cire tsakar gida babu sauran ɗakin wasa.

Wannan tsari yana da tasiri kai tsaye a kan wasan da ake yi cikinsa. Ɗan wasan da jama'a suka kewaye ba shi da gaba ba shi da baya, dole ya yi wasa da jikinsa duka, kamar ɗan kama ko ɗan dambe. Yana ganin fuskar ɗan kallo, yana jin tsakinsa da shewarsa, yana gyara magana nan take. Idan muka kwatanta da gidajen matasa da al'adu na Nijar za mu ga bambancin. Bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, ya haɓaka wasan kwaikwayon Hausa ƙwarai, kuma binciken Janet Beik na 1987 ya nuna cewa ƙungiyoyin wasa irin na Damagaram ba sa dogara ga rubutaccen wasa, a baki suke ƙirƙirar zance. Amma wurin da aka tanadar wa wannan fasaha ta baka shi ne dandamali mai tudu a gefe ɗaya, jama'a a jere a gabansa, gadon lakkwal ɗin Faransa. Su Yazi Dogo sun yi abin mamaki a kan irin wannan dandamali, sai dai gwanintarsu ce ta cike giɓin da gini ya bari.

Akwai kuma maganar zafi da sauti. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa ciki sai dare ya yi, iska ta huce. Tol kuwa yana ɗaukar zafi nan da nan ya zubo shi a kan mutane, in ruwa ya sauko kuma, duk malamin da ya taɓa koyarwa a ƙarƙashinsa ya san darasi tsayawa yake har a ɗauke. A ƙarshe, kuɗin da aka kashe wajen haƙar ƙasa da kwaɓi da yankan ciyawa a hannun mutanen yankin suka tsaya.

4. Inda sharhi ya wajaba

4.1 Gida ko dandali?

Gidan Bahaushe gini ne na tsare sirri. Baƙo namiji a zaure yake tsayawa, na kusa ya kai shigifa, cikin gida sai muharrami. Wasannin da ake yi a ciki na iyali ne da dangi, kamar tatsuniya da dare da wasannin mata na biki. Wasan jama'a a waje ake yin sa: dandali, ƙofar fada, bakin kasuwa, ko titi a lokacin tashe. Ɗakin Samaru ke nan dandali ne aka saka cikin katangar gida, katangar kuma tana cikin shingen jami'a. Manomin Bomo ko ɗan tireda na kasuwar Samaru sai ya wuce ƙofa biyu kafin ya zauna a wurin da aka ce an yi shi da kamannin gidansa.

Su kansu malaman wasan sun lura da haka, domin ba a daɗe ba suka fita. A 1977 suka kai Wasan Manoma Soba, daga baya suka yi aiki a Maska da Bomo. Wannan aiki na ƙauyuka, wanda su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka ci gaba da shi, shi ya fi ɗaukaka sunan Zariya a fagen wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. Ginin ya zama wurin horo da gwaji, kuma ya yi wannan aiki da kyau. Sai dai ya nuna mana cewa kama da gidan talaka ba ta buɗe wa talaka ƙofa.

4.2 Jinka maimakon soro

Ginin Hausa reshe biyu ne. Akwai zagayayyen ɗaki mai jinka, akwai kuma soron birni mai rufin azara da ƙasa, wanda a hannun gwanaye ya kai ga bakan gizo da daurin guga da tulluwa. Da waɗannan dabaru magina suka rufe zauruka masu faɗin kimanin mita 8 ba ginshiƙi a tsakiya. Mafi girman misalin wannan reshe yana cikin birnin Zariya, tafiyar ƴan kilomitoci daga Samaru, wato Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ila ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830.

Masu ginin Samaru sun ɗauki reshen jinka. Za a iya kare su da cewa jinka ba ta da nauyi ba ta da tsada, kuma wurin gwaji ake nema. Amma zaɓin ya ƙarfafa zaton da ya kamata ya rushe, wato cewa ƙasa ta ƙaramin ɗaki ce da ƙauye. Tambayar da jami'a ke bukatar amsarta ita ce ko ƙasa za ta iya rufe ajin ɗalibai ɗari, reshen soro kuwa shi ke riƙe da farkon amsar. Mu a Nijar muna da ƙarin dalilin ɗari-ɗari da rufin ciyawa a wurin taron jama'a. A watan Afrilu 2021 gobara ta kashe yara kimanin 20 a azuzuwan zana a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi.

4.3 Magina marasa suna

A rubuce-rubucen da ke ambaton wannan gini, sunan Ehrlich ne ke yawo, magina kuwa a dunƙule ake ambaton su. Wannan ya saɓa wa al'adar sana'ar kanta. Hausawa na riƙe da sunan gwanin gini, suna naɗa Sarkin Magina, kuma binciken Hamman Tukur Saad na 1981 ya nuna cewa magina na da matakan gwaninta da ma'aunin kyau na kansu. Lokacin da masallacin Yama ya sami kyautar Aga Khan a 1986, da sunan magininsa Falke Barmu aka san shi. Maganar ta wuce ladabi. Zanen takarda yana nuna faɗin bango da tsawonsa, amma ba ya nuna daga wane rami aka ɗebo ƙasa, kwana nawa kwaɓi ya kwana, ko yawan ramnon da aka zuba. Wannan ilimi a hannun magini yake, ranar gyara kuwa shi ake nema.

4.4 Gini tilo

Abu na ƙarshe shi ne ginin bai haifi ƴan'uwa ba. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da dogon benen majalisar jami'a da sauran manyan gine-ginen harabar duk na kankare ne. Rabon ya fito sarai: kimiyya da mulki da littafi na siminti, wasa na ƙasa. Alhali shi Ahmadu Bello da jami'ar ke ɗauke da sunansa, a ginin ƙasa ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, makaranta mafi girma a Arewa a lokacin.

5. Matsalar gyara

5.1 Abin da ginin ƙasa ke bukata

Abokan gabar ginin ƙasa sanannu ne: ruwan sama in rufi ya tsage ko indararo ya toshe, damshi a gindin bango, da gara. Gidan gargajiya yana da lokacin maganin kowanne. Bayan kaka, hannu ya huta da gona, kududdufi da sauran ruwa, sai a yi yaɓe. Kafin damina a hau soro a toshe tsaga a share indararo. Bayan ƴan shekaru a sabunta makuba ko laso. Aiki ne ƙarami amma ba ya yankewa, kuma akwai wanda ya rataya a wuyansa, wato maigida, wanda ɗigon zai sauka a kan shimfiɗarsa in ya yi sakaci. A lura kuma cewa kayan gyaran sun dogara ga wasu sana'o'i. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga marina da gashin jima daga majema da dafara, saboda haka duk garin da marinarsa ta mutu, lasonsa ya mutu tare da ita.

5.2 Hanyoyin gyara uku

Tarihin manyan gine-ginen ƙasa na yankinmu ya nuna hanya uku. Ta farko ita ce a ɗauki gyara a matsayin ci gaban gini. Falke Barmu ya fara masallacin Yama a 1962. A 1975, da rufin ya bukaci gyara, sai ya sake shi da bakuna da ƙubba, daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka fara a 1515 aka sake ginawa a 1844, tana ɗauke da itatuwan da magina ke takawa in za su yi yaɓe, wato an gina hanyar gyara a jikin ginin. A Jenne ta Mali gari duka ke fitowa yaɓen masallaci.

Hanya ta biyu ita ce a nemi hutawa da gyara ta hanyar siminti. Mafi yawa shafe ake yi wa bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna, ba sa kuma miƙewa da tsukewa tare in zafi da sanyi sun canza. Shafen yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye alhali fuskar bango lafiya lau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan tsagar da ke kisa ba a ganin ta. Wani salon wannan hanya shi ne abin da aka yi wa masallacin Babban Gwani a shekarun 1970, inda aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe tsohon zauren salla. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani ɓangare na rufin masallacin ya rufta ana sallar la'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Darasin shi ne, lulluɓe ginin ƙasa ba ya ɗauke wa masu shi nauyin duba shi. Mu ma a Damagaram, ranar 3 ga Satumba 2024, tsohon masallacin Birni na tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe bayan ruwa mai yawa na daminar shekarar.

Hanya ta uku ita ce canza wa gini aiki. Kwalejin Katsina ta tashi zuwa Kaduna a 1938, aka sa gininta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959, daga baya ya zama gidan adana kayan tarihi. An ceci bango, amma an fitar da shi daga harkar koyarwa, ya zama abin kallo. Abin da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka yi a Dandaji ta jahar Tawa, aka kammala a 2018, ya fi wannan. Sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka kira maginan da suka san ginin suka yi gyaran tare, suka kuma gina sabon masallaci da tubalin ƙasa matsattse. Ginin da ake shiga kullum ba ya rasa idon da zai ga tsaga.

5.3 Jami'a ba maigida ba ce

Hanya ta farko ita ce ta dace da ɗaki irin na Samaru, ita ce kuma ta fi yi wa hukuma wuya. Kasafin kuɗin ma'aikata yana raba kuɗin sabon gini da kuɗin tafiyar da aiki, masu ba da taimako na waje kuma sabon gini suke so, mai ranar buɗewa da allon suna. Yaɓen shekara ya yi ƙanƙanta a buɗe masa marshe, magini kuma ba shi da takardun kamfani da zai nema da su. Sai a bar ɓarna ta girma har ta isa kwangila. Ɗan kwangila in ya zo da siminti zai zo, don shi ya sani, kuma a buhu yake lissafin ribarsa. Ta haka ginin da ya kamata ya bi hanya ta farko yake faɗawa ta biyu ba tare da kowa ya yi niyyar ɓata shi ba.

Harshen takardu ma yana taimaka wa wannan. Ƙididdigar makarantun Nijar tana kasa azuzuwa gida-gida, ciki har da na siminti, na rabin siminti, na banko, na zana, ana kuma kiran siminti da ƙarfe kayan dindindin. Ma'aikacin da aka koya wa cewa banko mataki ne tsakanin zana da siminti ba zai nemi kuɗin kula da shi ba, jiran ranar rushe shi zai yi. Gaskiyar bambancin ita ce, ginin siminti yakan jure sakaci na shekaru kafin ya nuna, na ƙasa kuwa ƴan damuna kaɗan sun isa. Abin da ya fi kare ɗakin Samaru shi ne yana da masu shi, sashe guda da ɗalibai tsara bayan tsara da ke wasa cikinsa. Wannan shi ne mafi kusa da maigida da jami'a ke iya samarwa.

6. Darasi ga Damargu

Tanut tana kimanin kilomita 150 arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, Belbeji kuwa an cire ta daga Tanut ta zama gunduma a 2011. Duk ajin da za a gina a nan, na lise ne ko na wani reshen jami'a, zai gamu da sharuɗɗan da ba na Zazzau ba.

Wasu sharuɗɗan suna goyon bayan ƙasa. Ruwan shekara a Zariya yana kai milimita 1,000, a Tanut kuwa bai cika wuce 300 ba, ke nan babban abokin gaba ya ragu, ko da yake ruwan yakan zo da iska mai dukan bangon gabas. Zafin bazara yana mai da ajin tol tanda. Simintin da ya taso daga Malbaza sai ya yi tafiyar kimanin kilomita 600 kafin ya iso.

Wasu kuma suna hana a kwaikwayi Samaru, ko ma soron Zariya. Damargu ba ƙasar giginya ba ce, azara daga nesa take zuwa, farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun rage itatuwan da ke akwai. Ciyawar jinka kuwa abincin dabba ce a ƙasar makiyaya. Yawancin ƙasar jigawa ce, laka sai a kwari da bakin tabki, saboda haka dole a gwada ƙasa kafin a zaɓi fili. Ga kuma ruwa: kwaɓi na cin ruwa, rijiyoyin Damargu kuwa sun shahara da zurfi. Lokacin gini ke nan shi ne bayan damina, tun tabkuna ba su ƙafe ba, wannan lokaci kuma ba lalle ya dace da ranar da baitulmali ke sakin kuɗi ba.

Dabarun da suka dace an riga an gwada su kusa da mu. Tun 1980 a Shikal, sannan a Iferwan, ƙungiyar Development Workshop ta horar da magina a kan gini marar itace, mai rufin baka da ƙubba na tubalin ƙasa zalla. A Burkina Faso, Francis Kéré ya ɗaga tol sama da rufin ƙasa a makarantar Gando a 2001, iska na ratsawa tsakani, tol na tare ruwa, ƙasa na tare zafi. A 2020 ya kammala wata cibiyar koyon fasaha mai zurfi a Kudugu da bangon ƙasa.

Bisa wannan muna ba da shawara huɗu. Kuɗin yaɓe da duban shekara su shiga kasafi tun ranar da aka amince da zanen gini. A ɗauki magini aiki na dindindin, kamar yadda ake ɗaukar direba da mai gadi. Ginin ƙasa na farko ya zama aji ko ɗakin karatu, kada a sake keɓe ƙasa ga wasa da al'ada. Ta huɗun ta shafi sassanmu na harshe da tarihi: a tura ɗalibai masu neman batun kundi su zauna da maginan Birni da Zango da Tanut da Belbeji, su rubuta sunayensu da na malamansu, da kalmomin sana'ar, da ramukan da suke ɗebo ƙasa.

7. Kammalawa

Mun ga cewa ɗakin wasan kwaikwayo na Samaru ya ari tsarin gida da basira, ya kuma ba ɗan wasa da ɗan kallo zaman da ya dace da fasahar baka. Mun ga kuma iyakarsa: katangarsa ta tsare waɗanda aka kwaikwayi gidansu, ya ɗauki jinka ya bar soro, sunayen maginansa ba su bi shi ba, ya kuma zauna shi kaɗai cikin kankare. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, domin magini yana zana bango ne tun yaɓe na ɗanye, in ya bushe an makara. Haka maganar gyara take. Ranar da za a aza tubalin farko ita ce ranar da za a san wanda zai hau soro kafin damina, da aljihun da za a biya shi. Jami'ar da ba ta shirya amsa wannan ba, gara ta bar ƙasa a ramin da take, domin ginin ƙasa da aka yi wa sakaci yakan zama hujja a bakin masu cewa ƙasa ba ta gini ba ce.